Ramin Mai Raɗa

Litinin, 3 ga Maris

Yau Darakta ya tara mu a kan dandamali ya faɗi abin da kowa ya riga ya ji a bakin titi. An sayar da gidan wasanmu. Ƙarshen wata za mu yi wasa na ƙarshe, daga nan a ciccire kujeru, a shimfiɗa tayil, a mai da shi zauren taro. Ban yi kuka ba. Tela ce ta yi, mai ɗinka mana kayan wasa, ita dama hawayenta a kusa suke.

Abin da ya ɓata mini rai daban ne. Ya ce za a rufe da wasan da aka buɗe dandamalin nan da shi, wasan Alƙali, amma wai Dogo, mai fitowa a ɗan sanda, shi ne zai hau kujerar alƙalin. Maigida kuwa a ba shi makirufo ya ɗan yi jawabi ya koma ya zauna. Jawabi! Mutumin da rabin garin nan ya manta sunansa na gaskiya, kowa Alƙali yake ce masa, har mai faci da mai sayar da jarida.

Na miƙe a gaban kowa na ce, "Muddin ina numfashi, mijina ne zai yi alƙali ranar nan." Darakta ya ce, "Gwaggo, mu je ofis mu yi magana." Na ce babu ofishin da zan je. Ɗan ƙanena ne fa, ni na goya shi a bayan labulen nan lokacin uwarsa na sayar da tikiti, yau shi ne zai kira ni ofis.

Ya yarda, amma ya ce sai ya ga yadda gwaji ya kasance. To ya gani mana.

Talata, 4 ga Maris

Masu awo sun zo daga wajen sabon mai gida. Ɗaya daga cikinsu ya leƙa ramina da ke bakin dandamali ya tambayi abokinsa ko magudanar ruwa ce. Ina ciki a zaune da littafin wasa a cinya. Na ɗago kai na ce masa magudanar magana ce. Saura kaɗan ya faɗa kaina.

Sai da na yi masa bayani kamar ɗan firamare. A nan mai raɗa ke zama, kanta daidai da takalman 'yan wasa, murfin katako ya kare ta daga 'yan kallo. Idan magana ta kuɓuce wa ɗan wasa, sai ya buga diddigensa a katako, ni kuma in raɗa masa farkonta, ya ji, layin gaba na 'yan kallo bai ji ba. In bai buga ba, ko zai kwana a tsaye, ba na cewa uffan. Haka tsohon da ya koya mini aikin ya gargaɗe ni, ya ce shirun ɗan wasa nasa ne, ba ki sani ba ko da gangan yake yi, kada ki shiga masa sai ya gayyace ki. Fiye da shekara talatin ban taɓa karya wannan ba.

Mai awon ya ce ai yanzu 'yar na'ura ake saƙala musu a kunne. Na ce Allah ya ba da sa'a.

Nan dai babu mai karantawa sai ni, bari in faɗa. Kan Maigida ba kamar da yake ba. Darakta ya san kaɗan, ni na san sauran. Amma wasan nan a cikin jininsa yake, ba a kansa ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na ce wa Maigida mu tafi gidan wasa a ƙasa yau don ya sha iska. Kuskure ne, mun yi latti, domin ya tsaya a gaban kowane gini sai ya ba ni tarihinsa, ni da muka ga abin tare.

Shagon tayil da ke kwanar, silima ce a da, mai jan rubutun lantarki a goshinta. Ya shiga har ciki ya nuna wa mai shagon inda allon yake, da inda 'yan kujerar arha ke zama suna yi wa jarumin fim ihu ya waiwayo ana binsa a baya. Mai shagon ya yi haƙuri da shi, Allah ya saka masa. Gidan da ke bakin gada, inda makaɗa ke wasa duk Asabar, gareji ne yanzu, manyan motoci ke kwana a filin rawar. Ƙaramin na bayan kasuwa ya zama makarantar koyon kwamfuta. Babban mai bene, wanda muka fi ji da shi, tun da ya ƙone babu wanda ya sake aza bulo, ana ajiye motoci a ciki. Kaset ya fara cinye su ɗaya bayan ɗaya, waya ta zo ta suɗe kwanon.

Namu ma ai ba a gidan wasa ya fara ba. Gidan rawa ne a zamanin iyayenmu, akawu da ma'aikatan jirgin ƙasa su zo da laktaye, masu busa su yi ta yi. Sai aka mai da shi silima marar rufi, in ruwa ya sauko a tsakiyar fim kowa ya kwasa da gudu, washegari a dawo da rabin tikiti a ƙarasa. Su Maigida ne suka yi masa rufi da hannunsu, suka haɗa dandamali da katakon akwatunan kaya. Ya tuna har sunan kafintan, da yatsan da ya buge da guduma.

Muna isa ƙofa ya tambaye ni me muka zo yi.

Asabar, 8 ga Maris

Gwajin farko. Kashi na ɗaya ya tafi sumul, muryar nan na nan yadda take, har Dogo da ke zaune a gefe ya saki baki. A kashi na biyu, inda alƙali ke sa a kira maƙwabcin, sai ya tsaya. Na zuba wa ƙafarsa ido. Baƙin takalmin nan da na goge da safe, ko motsi. Na ɗaga kai, sai na ga yana murmushi yana kallon fitilun sama kamar mai jiran mota. Bai ma san ya manta ba, balle ya buga.

Na raɗa masa. Bai nema ba, na ba shi. Ya ɗauka ya ci gaba.

Babu wanda ya lura sai Tela, ta kalle ni ta saman tabarau. Na harare ta, ta mai da kai kan allurarta.

Lahadi, 9 ga Maris

Ba laifi na yi ba. Dokar don mutane aka yi ta.

Laraba, 12 ga Maris

Kullum da safe bayan ya sha shayi da magani nake zaunar da shi a falo mu bi wasan. Ni ce mai ƙara, ni ce wanda ake ƙara, ni ce ɗan sanda, ni ce maƙwabci. Yau ya fara daidai, can sai ya zarce cikin maganar wani wasa da muka yi tun 'yarmu na rarrafe, inda ya fito a direban tasi. Bai bar ko kalma ɗaya ba, har da tarin da yake yi a tsakiya. Da na ce ba wannan ba ne, ya fusata ya ce tun yaushe mai raɗa ta fara gyara wa ɗan wasa. Na ce tun da ta aure shi. Ya yi dariya har da buga cinya, shi ke nan faɗa ya ƙare.

'Yarmu ta kira da rana. Darakta ya riga ya kai mata tsegumi, na sani, su biyun tun suna yara bakinsu ɗaya. Wai in bar Baba ya huta, wai in ya tsaya a gaban mutane ya rasa abin faɗa, da wannan za a riƙa tuna shi. Na ce ita da ke wani gari tana ganinsa ta waya ce za ta gaya mini abin da zai iya? Na ce ta zo ranar ta zauna a layin gaba ta sha kallo. Ta ce, "Mama, don shi kike yi ko don ke?" Na kashe wayar. Rashin kunya dai, ba daga wajena ta ɗauko ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Darakta ya tare ni a bakin ɗakin kaya. Ya ce jiya yana zaune can tsakiyar zaure amma yana jin muryata tar, kuma ya lura ni ke fara kowace magana kafin Baba ya buɗe baki. Ya ce wasan ya koma ni ke yi, shi yana maimaitawa. Na ce kunnensa ne ya cika kaifi, ya je ya ba likita labari. Na ce zauren babu kowa shi ya sa murya ke tashi, in ya cika da mutane tufafinsu za su shanye ta. Wannan gaskiya ce, shi ma ya sani.

Amma ni, a ji ni daga tsakiyar zaure? Ni da ake cewa ko wanda ke tsaye kusa da wanda na raɗa wa ba ya ji? Kunnen Maigida ne ya yi nauyi, dole in ɗaga. Abin ya tsaya mini a rai har na kasa cin abincin rana.

Litinin, 17 ga Maris

Dogo ya same ni ina goge fitilar ramina. Ya durƙusa a bakin dandamali da tsawon nan nasa kamar an naɗe tsani, ya gaishe ni da ladabi, ya ce ko zan ɗan saurare shi ya karanta maganganun alƙali, ba don komai ba, don ko da wani abu. Na ce ko da wane abu? Ya yi ta murza hula. Na ce ya je ya koyi ɗan sandansa da kyau, jiya ma ya shigo ta ƙofar da ba ita ba.

Ba shi da laifi, yana da mata da 'ya'ya, shekara nawa yana jiran kujerar nan bai taɓa nuna haɗama ba. Duk da haka ba zan saurare shi ba.

Laraba, 19 ga Maris

Yau kam! Ina ma 'yar tawa na nan. Maigida ya tashi garau, shi ya tuna mini da maganinsa ma. A gwaji ya yi kashi uku cur, sau ɗaya tak ya tsaya, kuma ya buga diddige kamar da, ƙwas ƙwas, na ba shi kalma biyu ya kama. Da ya zo wurin da yake tsawata wa 'yan'uwan nan biyu masu rigima a kan katanga, masu share zaure suka ajiye tsintsiya suka tsaya. Tela ta yi kukanta. Na fito daga rami na wuce ta gaban Darakta ina kaɗe zanena, ai ya gani da idonsa.

A hanyar gida Maigida ya saya mini lemo, ya ɓare da kansa. Ya ce muryata ba ta tsufa ba.

Alhamis, 20 ga Maris

An liƙa fosta, da hotonsa na da, mai baƙin gashi. Na sa an ƙara ɗaya a jikin shagon tayil.

Asabar, 22 ga Maris

Ya yanke hukunci a kashi na ɗaya, tun ba a kira shaida ko ɗaya ba. 'Yan wasa suka tsaya cirko-cirko. Darakta ya ce a sake daga farko, da murya ƙasa-ƙasa kamar a asibiti. Gara ya yi mini ihu.

Gajiya ce. Daga gobe ba za mu ƙara zuwa a ƙasa ba, mota za mu hau.

Talata, 25 ga Maris

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Gwaji da kayan wasa ne yau, da fitilu, kamar ranar gaske. Tela ta sa wa Maigida baƙar rigar alƙali, ya yi kyau har na ji kunyar kallonsa. Tun daga farko na ga ba ya nan, sai na yi ta ba shi magana bayan magana ba tare da jiran ƙafarsa ba. Yana ɗauka, yana ɗauka, amma ina ganin gemunsa na rawa. Can a tsakiyar kashi na biyu ya tashi daga kujera, ya tako har bakin ramin, ya sunkuyo. Fitilata na haska fuskarsa. Ya dube ni sosai.

Ya ce, "Baiwar Allah, wa ya sa ki a nan? Ki daina sa mini baki. Wurin matata ne wannan, ita ba ta magana sai an tambaye ta."

Na ce, "Maigida, ni ce."

Ya juya ya ce wa Darakta a nemo masa matarsa, ba zai yi wasa da wannan ba, tana ruɗa shi.

Tela ce ta kama hannunsa ta kai shi ɗakin kaya. Na zauna a ramin har kowa ya watse. Babu wanda ya leƙo, na gode musu da wannan. Da na fito yana zaune a benci ya cire rigar, ya ce ina na shiga tun ɗazu yana ta nemana, wata mata ta zauna mini a wuri. Na ce na ji labari, na kore ta.

Laraba, 26 ga Maris

Ban je ba. Na ce musu gwiwata. Darakta ya aiko da saƙo, ban buɗe ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Na gwada a falo. Na ce yau ba zan ce komai ba sai ya buga, kamar da. Ya yi magana uku ya tsaya. Na yi shiru. Ya yi shiru. Agogon bango na ta tafiya. Ya dubi taga, ya dubi hannunsa, sai na ga tsoro ya shigo idonsa, irin na yaron da ya ɓace a kasuwa. Ya ce, "Me ake jira in yi?"

In na yi magana ba ni ba ce. In na yi shiru ya ɓata. To ya ake so in yi?

Duk da haka sunansa ne a fosta, kuma babu wanda ya isa ya cire. Ranar Laraba waccan ma ai ya yi, wa ya ce Asabar ba za ta zo da irinta ba.

Juma'a, 28 ga Maris

'Yarmu ta iso. Ya gane ta, ya tambaye ta makaranta, ita da ke da 'ya'ya uku. Ba mu yi maganar gobe ba. Ta wanke mini kwanuka, na bar ta.

Na goge takalminsa.

Lahadi, 30 ga Maris

Kada wani ya ce an kayar da ni. Babu wanda ya sa ni, Darakta bai ƙara buɗe baki ba tun ranar Talata. Ni da ƙafata na je wurin Tela jiya da safe na ce ta warware kalmasar rigar nan ta ƙara mata tsawo, ta yi wa Maigida nauyi a kafaɗa, gara a ba mai ƙarfin ɗauka. Batun riga ne kawai. Ta buɗe baki za ta fara, na ce in ta yi mini kuka a nan sai na mare ta. Ta haɗiye.

Dogo ya zo zai durƙusa, na ce ya tashi, kuma in ya kuskura ya yi gaggawa a kashi na uku zan ji. Ya tambaya ko zan shiga rami. Na ce gwiwata ba ta barina, kuma tun da ya daɗe yana haddacewa a ɓoye, ai ba ya bukatata. Ramin ya zauna babu kowa, an kashe fitilarsa.

Jawabin ma ban bari ba. Na sa masa farar rigarsa, muka shiga ta ƙofar gaba kamar kowa, da la'asar, rana na dukan fostar. Zaure ya cika har da na tsaye, tsofaffin da ban gani ba tun zamanin silima, har mai shagon tayil da matarsa. Da aka gan shi sai aka miƙe ana tafi ana Alƙali, Alƙali. Ya ɗaga musu hannu yana murmushi, ya tambaye ni ko wani babba ne ya shigo.

Muka zauna a layi na uku, 'yarmu a damansa, ni a hagu. Ban taɓa ganin wasan nan ta gaba ba. Ni takalma na sani, da ƙasan haɓa. Ashe bangon kotun shuɗi ne mai kyau haka, ashe ɗan sandan na yi wa mutane gwalo a bayan alƙali, shi ya sa ake dariya a wurin da ban taɓa gane dalili ba. Dogo bai yi laifi ba. Ban ce ya yi kyau ba.

Maigida ya zauna tsaf, hannunsa a cikin nawa, ba rawar gemu, ba tsoro. Ya yi dariya inda ake dariya. Tun farkon wata ban ga fuskarsa a sake haka ba, kuma na san wa ya ɗaure ta.

A ƙarshen wasan akwai inda alƙali ke yin dogon shiru kafin ya yanke hukunci, da gangan, haka aka rubuta. Dogo ya yi shirun, ya ja shi yadda ya kamata, zaure ya yi tsit. Sai Maigida ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

Ya ce, "Ya manta. Kada ki damu, matata na ƙasa, yanzu za ta ba shi."

Dogo ya ɗago kai ya fara hukuncin.

Ya ce, "Kin ji ta?"

Na ce ban ji ba.

Ya gyara zama yana jin daɗi, ya ce, "Ai ba a jin ta."